Tsohon da Na Koya wa Kwamfuta

A shekarun da nake ba da labarinsu, katin da nake raba wa mutane a Guangzhou yana ɗauke da kalmar injiniya a gaban sunana, da baƙaƙe masu ruwan zinare. Gaskiyar magana, karatun injiniyan kwamfuta ne ya kawo ni China. Na yi shekara biyu ina fama da shi, jarrabawar lissafi guda ɗaya ta kayar da ni sau biyu, sai na zuba littattafaina a kwali na bi kasuwa. Aikina ya zama rakiyar 'yan kasuwarmu na Kano. In tarbe su a filin jirgi, in kai su kasuwar Shisanhang su sari tufafi, in yi musu tafinta da ɗan Sinancin da na tsinta, in tsaya a kan kayansu har a loda kwantena ta nufi tashar jirgin ruwa ta Nansha. A gida kuwa mahaifiyata ta san ɗanta injiniya ne a China. Ban taɓa yi mata ƙarya baki da baki ba. Ban dai gyara mata zancen ba.

Cikin waɗanda nake wa aiki akwai wata Hajiya mai sarin kayan yara, mace mai hanzari da ba ta son dogon surutu. Wata shekara, a watannin nan da bangon gidajen Guangzhou ke gumi kamar an watsa musu ruwa, ta sauka tare da wani dattijo. Dogo ne siriri da ya ɗan ranƙwafa, cikin kaftani ruwan toka da hular da ta sha wanki, ga wata tsohuwar jakar fata a hammata. Na dube shi sau ɗaya na yanke cewa tsohon tela ne, ko malamin firamare da ya yi ritaya.

"Mahaifina ne," in ji Hajiya. "Shekara uku yana damuna in zo da shi. Wai kibod yake so a ƙera masa. Na ce masa kai injiniya ne, ka san kan abin."

Washegari da safe ta danƙa mini shi a ƙofar otal, ta tari mota ta tafi sarinta.

Da muka sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, Baba ya tsaya gaban na'urar yankar tikiti yana kallonta. Ya zaga gefe, ya leƙa bayanta, ya kara kunne. Ni kuwa na ɗauka ƙauyanci ne, tausayinsa ya kama ni. Na gyara murya na shaida masa cewa babu mutum a ciki, kwamfuta ce. Da na ga ya gyaɗa kai sai na samu ƙarfin gwiwa. Tun daga tashar nan har muka wuce tasha biyar ina yi masa darasi. Na ce masa kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa kamar ɗan Adam. Na ce ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Har na ɗaga yatsu ina nuna masa sifilin da ɗayan, kada ya ruɗe.

Ya saurare ni da natsuwa, sannan ya tambaye ni, idan an ɗauke wuta, a ina take ajiye abin da ta sani. Na ce a memori. Ya ce shi memorin da me aka yi shi. Na ce da silikon. Ya ce to shi silikon ɗin yaya yake riƙe abu, tunda ba hannu gare shi ba. A nan na ɗan duba taswirar tashoshi da ke saman ƙofa, na ce masa abin yana da zurfi, sai wanda ya zauna a aji.

"Haka ne," ya ce. "Allah ya ƙara sani, Injiniya."

Na ce amin da zuciya ɗaya.

Muka shiga wani babban bene a unguwar Liwan da ake sarin kayan kwamfuta, hawa bisa hawa. A nan ya buɗe jakarsa ya fito da wata takarda. Zanen kibod ne da fensir, layukansa a miƙe kamar an buga da inji, kowane maɓalli da awonsa a gefe. Abin da ya bambanta shi da sauran kibod shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne da maɓallinsa na kansa a wurin da yatsa zai same shi ba wahala. Muka bi shago-shago. Kowane mai shago ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mana ya ce meyo, wato babu. Wani ya kawo mana na Larabci. Wata yarinya ta kawo na Rashanci, ta rantse shi ne.

Da rana ta yi muka zauna a gidan taliyar Musulmin China. Na ga ya kamata in rage wa tsoho wahala, sai na ce masa ai yanzu duniya ta wuce nan. Ko a waya akwai baƙaƙen nan, sai dai ka danne harafin ka ɗan jira, mai ƙugiyar ya fito. Ya ce madalla, in nuna masa saƙon da na rubuta yau. Na buɗe wanda na aika wa wani Alhaji da safe. Baba ya gyara tabarau, ya karanta a fili yadda na rubuta shi, harafi da harafi: kaya sun karaso, an daure su a daki. Ya fito da kowace k da kowace d a sanƙare, sai ka ce Baturen da ya yi wata uku a Kano. Wasu 'yan Nijar biyu da ke teburin gefe suka sunkuyar da kai cikin kwanukansu.

Ya miƙo mini wayar ya ce abin da sai an danne an jira, ba wanda zai jira shi. Ya ci gaba da cin taliyarsa da cokali mai yatsu.

Da la'asar sakaliya na mayar da shi otal. Ya hau sama ya huta, ni kuma na tarar da Hajiya a ƙasa tana duba samfurin riguna. Ta tambaye ni yadda muka yi. Na ce ba mu samu kibod ba, amma ranar ba ta tafi a banza ba, domin na ɗan buɗe wa Baba ido a kan yadda kwamfuta take aiki, kuma tsohon yana da saurin ɗauka.

Hajiya ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta dube ni, ta nemi kwali ta zauna, ta rufe fuska da gefen mayafi. Kafaɗunta kawai nake gani suna rawa don dariya. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Wanda ka koya wa ɗin nan, cikin kwamfutocin farko da aka kawo Arewa akwai wadda shi ya kwance ta daga akwatuna ya haɗa ta da hannunsa. Ko auren iyayenka ba a yi ba. Ɗaki guda ta cinye. Da katinta muka yi wasan 'yar tsana."

Na tuna yatsun da na ɗaga a cikin jirgi. Da ƙafa na koma gida ranar, duk da nisan, don ban iya sake shiga tashar ba.

Washegari aka tashi da ruwa. Na zo da niyyar ba da haƙuri, har na shirya kalmomin a hanya. Baba ya katse ni tun a jimla ta farko, ya ce ai silikon ɗin gaskiya na faɗa, sauran ne ban ƙarasa ba. Muka fake a wani ƙaramin shagon shayi a ƙarƙashin barandar tsoffin gidajen Liwan. Ya jawo kofi ya ce in ɗauka tulu ne mai yoyo. In da ruwa a ciki, ɗaya ke nan. In babu, sifili. Tunda yana yoyo, dole a samu mai zagawa yana leƙa tuluna yana cika waɗanda suka fara raguwa, sau dubbai kafin ƙiftawar ido. In wuta ta ɗauke, mai zagawa ya tsaya, tuluna su tsiyaye, na'ura ta manta. Wanda ba ya mantuwa kuma, ya ce, tulu ne da aka toshe bakinsa, ya nuna mini da murfin buta. Kafin shayi ya huce na gane abin da na yi shekara biyu ina haddacewa ina zubarwa.

Ruwa bai tsagaita ba, sai ya shiga ba ni labarinsa, ba don na iya tambaya ba.

Ɗan maƙeri ne daga wani ƙauye a kudancin Kano. Zuga ya fara yi tun bai iya ɗaura wando ba. Ya shiga makarantar boko a makare, ya fi kowa tsawo a aji. Wata rana rediyon hedimasta ya mutu, aka kawo maƙera ko za a iya liƙe wani ƙarfe da ya karye a ciki. Uban ya ce shi ba ya taɓa abin da ke magana. Ɗan ya liƙe, rediyo ya tashi. Hedimastan ne ya tura shi makarantar koyon sana'a, daga nan ya samu aikin gyaran layukan tarho. Yana wannan aikin wasu Turawa suka zo da wata jarrabawa mai ban mamaki, babu tarihi babu Turanci, sai zane-zane da lambobi ana tambayar wanne ne zai biyo baya. Ya ce shi wasa ya ɗauke ta. Bayan 'yan watanni sai ga shi a Ingila, cikin kwat ɗin aro, yana koyon cikin wata na'ura da ko sunanta bai taɓa ji ba. Abin da ya fi tunawa da ƙasar, in ji shi, dafaffen dankali ne ba gishiri.

Shi da na'urar kusan tare suka iso gida. Aka gina mata ɗaki mai sanyi a wata ma'aikata, ana cire takalmi kafin a shiga. Ba ta da allon kallo, ba ta da kibod irin wanda na sani. Da kati ake mata magana, kati mai ƙananan huji, kowane layin umarni kati guda, aiki ɗaya ya ci kwali cike. In mutum ya yi tuntuɓe kwalin ya zube, sai ya zauna a ƙasa ya yini yana jerawa. Da damina katin ya sha danshi ya kumbura, na'ura ta riƙa tauna shi. Turawan kamfanin suka ce a jira su aiko da wani akwati na musamman ta jirgin ruwa. Shi kuwa ya sa kafinta ya haɗa masa kabad, ya kunna ƙwan lantarki biyu a ciki, kati ya bushe, aiki ya ci gaba. Ya nuna bangon shagon shayin da ke ta naso ya ce a garin nan da kabad uku zai yi. Wata shekara kuma gara ta shiga sito ta ci musu aikin wata biyu. Ya ce hujinta ya fi nasu kyau, sai dai na'ura ba ta gane yarenta ba.

Kayan gyara sai su yi watanni a teku, don haka ya koyi gyara abin da littafin kamfani ya ce ba a gyarawa. Ranar sunan Hajiya ma yana kwance a ƙarƙashin na'ura da tocila a baki, domin aikin ma'aikatar gaba ɗaya ya tsaya. Sai bayan la'asar ya isa gida, an riga an watse. Ya ce mahaifiyarta ta yafe masa, amma ba ta taɓa barin labarin ya tsufa ba.

Na tambaye shi inda maganar ƙugiya ta samo asali. Ya ce daga mahaifinsa ne. Tsohon ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana iya haɗa baƙi a hankali. Da ɗan ya je gida hutu, sai ya tafi masa da tsaraba, takardar da na'ura ta buga da manyan baƙaƙe, yana so ta ce ni ɗan maƙeri ne. Uban ya bi ta da yatsa a bakin maƙera, ya karanta dan makeri. Ya sake karantawa. Ya tambaya ko na'urar ba ta da lafiya ne a baki. Ɗan ya ce a'a, waɗanda suka ƙera ta ne ba su da waɗannan baƙaƙen. Uban ya tambaya da me aka yi baƙaƙen nata. Da aka ce masa da ƙarfe, sai ya ce to a kawo.

Baba ya ce wata uku yana juya maganar kafin ya yi ƙarfin hali. Ya ciro ƙananan ƙarafa uku daga injin buga takarda, masu ɗauke da wasu alamomi da ba wanda ke amfani da su, ya kai ƙauye a aljihu. Su biyu suka goge alamomin da magagari, suka fitar da sabbin baƙaƙe a juye, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Sun ɓata na gwaji fiye da goma a kan guntun ƙarfe kafin su taɓa na gasken. Sannan ya koma ya gyara umarnin na'urar ta san inda za ta same su. Da wakilin kamfani ya zo duba inji ya gani, aka ba Baba takardar tuhuma, wai ya lalata kayan da ba nasa ba. Ya amsa ta da ladabi. Aka ja masa kunne, aka jinkirta masa ƙarin girma, amma ba wanda ya iya mayar da tsoffin alamomin, don sun bi magagari. Haka na'urar ta ci gaba da buga Hausa daidai har ta tsufa.

Ƙarshenta 'yan gwangwan aka sayar wa. Ya ji labarin an yi murhu da wasu ƙofofinta. Ƙananan kwamfutoci suka shigo, yara masu digiri suka cika ofis, suna gaishe shi da ladabi suna roƙonsa ya ɗan matsa. Ya koya wa waɗanda suka yarda su koya, ya yi ritaya. Ya faɗi wannan duka ba tare da ɗaci ba, yana kallon ruwa na zuba daga baranda.

Rana ta uku wani ɗan Nijar mai sarin kayan waya ya kwatanta mini wani ƙaramin wurin ƙira a wani lungu, hawa na huɗu ba lifta. Baba ya hau yana hutawa a kowane hawa. Laoban ɗin, wato mai wurin, saurayi ne sa'ana. Ya dubi zanen, ya tambayi guda nawa muke so, da ya ji adadin sai ya yi murmushi ya fara raka mu ƙofa. A can ƙuryar ɗakin akwai wata tsohuwa 'yar ƙarama mai gajeren farin gashi, zaune gaban fitila mai madubi tana liƙa wani abu da dalma. Na ɗauka mai shara ce da ake bari ta taɓa aiki. Ban koyi komai ba a kwana biyun nan.

Baba bai bi mu ƙofa ba. Ya tsaya yana kallon yadda take riƙe da ƙarfen liƙin. Sai ya buɗe jakarsa ya ciro wani gwangwanin alewa, ya buɗe, ya ajiye a gefen teburinta. A ciki akwai wani abu kamar guntun gidan sauro mai faɗin tafin hannu, saƙar siraran wayoyin jan ƙarfe, a kowace mahaɗa an zura wani baƙin zobe da bai kai ƙwayar gero ba. Shi kaɗai ya tsira da shi daga na'urarsa. Irin memorin zamaninsu ke nan, kowane zobe sifili ko ɗaya.

Tsohuwar ta ajiye abin hannunta. Ta jawo fitilar, ta daɗe tana dubawa, ta kai yatsa daidai wani wuri da launin wayar ya bambanta, ta ɗago ta dube shi. Ya nuna ƙirjinsa, wato shi ya gyara wurin. Ta faɗi wata magana da ƙarfi, ɗanta ya dawo daga ƙofa da sauri. Mahaifiyarsa ce, kuma ita ta kafa wurin. Daga abin da na iya tsinta, tana budurwa ta fara da zura irin waɗannan zobba a wata masana'anta, ita da 'yan mata cike da ɗaki, har idonta ya raunana. Daga baya ta yi karatu ta zama mai zana cikin na'urorin da kanta.

Nan fa aka juyo gare ni, tafinta. Ta yi tambaya mai tsawo. Na kama kalmar waya da kalmar nawa, na ce wa Baba tana tambayar farashi. Ya ce bai yi tsammani ba. Sinancina na launi ne da awo da kwali da rangwame, bai taɓa shiga cikin na'ura ba. Na gwada sau uku, kowane karo suna dubana da haƙuri irin na manya. Daga nan ta jawo farar takarda ta ja layi da wasu alamomi. Baba ya karɓi fensirin ya ƙara nasa. Ta goge ɗaya ta girgiza kai, ya yi dariya ya yarda. Suka cika takarda suka juya bayanta. Kusan awa biyu suna wannan, ita tana gunaguni da yarenta, shi yana cewa yauwa, ko kuma ya ce mata a'a Hajiya duba nan, kuma ba wanda ya sake waiwayata. Ni da laoban muka zauna a kan benci muna ɓare gyaɗa. Da azahar ta yi Baba ya duba agogo, tsohuwar ta share wani gefe ta shimfiɗa masa sabon kwali, ni na nuna alƙibla da wayata. Shi ne aikin fasahar da na yi a ranar.

Ta umarci ɗanta ya yi aikin, yawa ko kaɗan. Ita za ta tsara cikin, shi zai zana baƙaƙen a kan maɓallai da injinsa. Baba ya sake fitar da zanen fuskar kibod ɗin a tsabtace, ya ba ni da yamma ya ce in ɗauki hotonsa in aika wa laoban.

Washegari ina sito ana loda kayan Hajiya, ana ta kiran lambobin kwali, na laluba aljihu na samu takarda na rubuta lambobin a bayanta, na miƙa wa mai lodi. Sai da motar ta tafi na tuna wace takarda ce, kuma ban ɗauki hoton ba. Abin da ya dace shi ne in je in faɗa wa Baba, ya sake zanawa cikin minti goma. Amma na riga na sha kunya sau biyu, ban so ta uku ba. Na zauna a kan buhu na rubuta jerin maɓallan a waya daga ka, layi-layi, cikin sauri, na aika. Har na yaba wa kaina da na tuna tsarin duka.

Ana jibi za su tashi muka koma karɓar samfuri. Tsohuwar ta haɗa shi da kwamfuta ta danna, ƙ ta fito a allo da ƙugiyarta, ɗ ta fito, ɓ ta fito. Baba ya ce alhamdu lillahi a hankali. Sannan ya sunkuya ya dubi maɓallan. B biyu, d biyu, k biyu, duk a miƙe, babu mai ƙugiya ko ɗaya. Laoban ya buɗe wayarsa ya nuna saƙona, don a san ba daga gare shi ba ne.

"Ina takardar da na ba ka?" Baba ya tambaye ni.

"Tana hanyar Nansha, Baba."

Na faɗa masa komai a tsaye, gaban mutanen da ba sa jin Hausa amma sun gane. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce da na faɗa tun ranar, da an huta. Sai ya yi wa tsohuwar alama da hannu, ta buɗe aljihun tebur ta ba shi wani siririn magagari mai tsini. Ya ɓalle maɓallan uku, ya zauna a kujerarta. Ta riƙe masa fitila. Ya ja wa d ƙugiyarta, ya ja wa b tata, ta kawo farin fenti a bakin tsinke suka cika ramin. Na ukun ya miƙo mini.

"Zo ka yi ta ƙ, ɗana. Kai ka cire ta."

Na yi gumi a kan maɓallin nan kamar mai haƙar rijiya. Magagarin ya zame sau biyu. Abin da ya fito ya fi kama da lauje da mota ta taka. Tsohuwar ta duba ta madubi ta ƙyalƙyale da dariya har da dafa kafaɗar ɗanta. Baba ya ce ana ganewa, ya mayar da shi gurbinsa. Ya sake zana takardar a nan take, ya miƙa wa laoban hannu da hannu, ba ta kaina ba.

Samfurin ya tafi da shi a jakarsa. Sauran, da aka yi su daidai, na sa su cikin kayan Hajiya na gaba. Daga baya ta gaya mini ya raba wa masu buga takardu a bakin kotu da wasu makarantu biyu na unguwarsu. Wasu sun yi amfani da su, wasu sun ajiye a kan kabad da ledarsu. Duniya ba ta canza ba. Shi dai kullum da hantsi yana zaune da nasa yana buga tarihin aikinsa da yatsu biyu, yana kiran jikoki su zo su ga inda aka yi kuskure a littattafan makarantarsu.

Bayan tafiyarsu da mako biyu laoban ya kira ni ya ce mahaifiyarsa na nemana. Na hau benen. Ta ba ni wata kwalba cike da busasshen ɓawon lemo, baƙi-baƙi mai ƙamshi, irin wanda mutanen nan ke ajiyewa shekaru. Ta yi tari na kwaikwayo, ta nuna kujerar da Baba ya zauna. Ɗanta ya bayyana mini cewa ta ji tsohon yana tari, a riƙa jiƙa masa a ruwan zafi. Ni da na yi yini huɗu tare da shi ban lura yana tari ba. Na karɓa da hannu biyu na yi alkawarin aikawa.

Na ajiye kwalbar a kan firij. Mai tafiya Kano na farko kayansa sun yi nauyi. Na biyu na manta. Na ce bari Hajiya ta zo da kanta, ya fi tabbas. Hajiya ba ta zo a lokacinta ba, saboda jikin Baba ya tashi. Wata safiya ina tsakiyar Shisanhang da wasu baƙi saƙonta ya shigo, cewa Allah ya yi masa rasuwa bayan asuba, an kai shi.

Na je na shaida wa tsohuwar, ɗanta yana fassarawa. Ta kashe fitilarta. Can ta tambaya ko ɓawon ya ɗan taimaka masa. Na dubi laoban, na dubi ƙasa, na ce ya taimaka.

Da sanyin shekarar ya shigo, mura ta kama ni da tari mai tsanani. Na sauko da kwalbar na jiƙa kaɗan a kofi. Yana da ɗaci da farko, daga baya ya yi zaƙi a maƙogwaro. Kwana uku tarin ya tafi.